Harɗaɗɗun sunaye a harshen Norway: tambayoyi da amsoshi kan gaɓa, ƙarfin furuci da ginin kalma

Mai koyon harshen Norway yakan ci karo da dogayen kalmomi tun a takardun farko da hukuma ke aiko masa: *oppholdstillatelse*, *fødselsnummer*, *Utlendingsdirektoratet*. Kowacce ƙananan kalmomi ne aka liƙa wuri guda. Wanda ya iya gano wajen liƙin, shi zai san jinsin kalmar, da gaɓar da zai danna, da inda zai yanke ta idan layi ya ƙare. Harshen yana da daidaitattun hanyoyin rubutu biyu, *bokmål* da *nynorsk*. Misalan da ke ƙasa na rubutun *bokmål* ne, furucin kuma na yankin Oslo, sai inda muka faɗi akasin haka. Gaɓar da aka rubuta da manyan baƙaƙe ita ake dannawa.

Me ya sa kalmominsu suke da tsawo haka?

Saboda ƙa'idar rubutunsu ta ce duk abin da ake furtawa a matsayin kalma ɗaya, a haɗe ake rubuta shi. Mu muna rubuta "gidan abinci" da tazara a tsakani, su kuwa ba sa barin tazara: *brann* wuta ce mai ci, *bil* mota, *brannbil* motar kashe gobara. Ba a kayyade yawan kalmomin da za a jera ba. *Menneskerettighetsorganisasjon*, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, tana da haruffa 30 da gaɓoɓi 11, amma guntaye uku ne kacal: *menneske*, *rettighet*, *organisasjon*, da *s* guda a tsakiya.

Daga ina zan fara warware irin wannan kalma?

Daga wutsiya. A Hausa jigon yana gaba, bayaninsa yana biye: motar asibiti mota ce, asibitin mata asibiti ne. A harshen Norway jigon yana ƙarshe, abin da ya gabace shi duk bayani ne. *Husbåt* jirgin ruwa ne da ake zama a ciki, domin *båt*, jirgi, shi ne a ƙarshe. Juya su, *båthus*, ka sami rumfar ajiye jirgi, domin yanzu *hus*, gida, ne a ƙarshe. Don haka Bahaushe zai fi samun sauƙi idan ya fassara daga dama zuwa hagu: *opphold-s-tillatelse*, izinin zama, *barne-hage-lærer*, malamin makarantar ƙananan yara.

Idan guntayen sun kai uku, sai ka tambayi kanka waɗanne biyu ne suka fara haɗuwa. A *barnehagelærer*, *barn*, yaro, da *hage*, lambu, ne suka riga suka zama kalma ɗaya kafin *lærer* ya zo. A *stasjonssykepleier* kuwa biyun ƙarshe ne ke tare, wato *syke* da *pleier* na *sykepleier*, ma'aikacin jinya. Galibi biyun farko ne, amma ma'ana ce alƙali.

Guntun farko ba dole ne ya zama suna ba. Yana iya zama aikatau, kamar *skrivebord*, teburin rubutu, da *soverom*, ɗakin kwana. Ko sifa, kamar *storby*, babban birni. Ko ƙaramar kalmar wuri da lokaci, kamar *fornavn* da *etternavn*, sunan yanka da sunan dangi. Ko lamba, kamar *treromsleilighet*, gida mai ɗakuna uku, wanda za ka yi ta gani a tallan gidajen haya. A kula, *tre* uku ne, kuma itace ne: *trehus* gidan katako ne, ba gidaje uku ba.

Wane guntu ne ke yanke jinsi da jam'i?

Na ƙarshe, kullum. Harshen yana da jinsi uku, *en*, *ei* da *et*. *Barn* jinsin *et* ne, *hage* jinsin *en*, don haka *en barnehage*. Duk wani ɗafi a wutsiya yake sauka: *brannbil, brannbilen, brannbiler, brannbilene*. Idan kalmar ƙarshe mai karya ƙa'ida ce, da halinta take shigowa. *Bok* jam'inta *bøker*, saboda haka *ordbok*, ƙamus, *ordbøker*. *Brannmann*, *brannmenn*. *Hus* ba ya ɗaukar ɗafin jam'i, to *sykehus* ma haka: asibiti ɗaya *et sykehus*, da yawa *flere sykehus*.

Guntun farko yakan zauna yadda yake a ƙamus ko da ma'anarsa jam'i ce. *Bokhylle* kantar littattafai ce, ba mai cewa *bøkerhylle*; *tannlege* likitan haƙora ne da *tann* tilo. Akwai 'yan tsiraru da suka daskare da ɗafinsu, irin su *nyttår*, sabuwar shekara, *fedreland*, ƙasar gado, da *høyesterett*, kotun ƙoli. Waɗannan haddace su ake yi.

Mene ne aikin *s* da *e* da ke tsakiyar wasu kalmomin?

Mahaɗi ne, suna kiransu *fuge-s* da *fuge-e*. Asalinsu tsofaffin ɗafe-ɗafen mallaka ne, saboda haka sun ɗan yi kama da -n da -r na "gidan sarki" da "rigar sarki". Bambancin shi ne namu jinsi ne ke zaɓarsa, nasu kuwa guntun farko ne ke zaɓa, wani lokaci ma ba shi da tabbas. Dubi *land*, ƙasa: *landbruk*, noma, ba mahaɗi, *landsby*, ƙauye, da *s*, *landevei*, babbar hanyar karkara, da *e*. Mahaɗin yana iya sauya ma'ana: *landmann* manomi ne, *landsmann* ɗan ƙasarku.

Duk da haka akwai wuraren da za ka iya dogara da su. *S* tana zuwa kusan ko da yaushe bayan waɗannan ɗafa-ƙeya:

-sjon: *stasjonssjef*, *informasjonsmøte*
-het: *sikkerhetsbelte*, *kjærlighetsbrev*
-ing da -ning: *parkeringsplass*, *forskningsråd*
-dom da -skap: *ungdomsskole*, *vennskapsby*
-tet: *universitetsbibliotek*
-else: *begravelsesbyrå*

Wuri na biyu ya fi ban sha'awa. Idan guntun farko shi kansa harɗaɗɗe ne, *s* takan ɓullo ko da kalmar ba ta ɗaukarta ita kaɗai. *Bordlampe*, fitilar tebur, ba *s*, amma *skrivebordslampe*. *Vinglass*, amma *rødvinsglass*. Majalisar dokokinsu mai kujeru 169 sunanta *Stortinget*, daga *stor*, babba, da *ting*, majalisa, ɗan majalisa kuma *stortingsrepresentant*. Wannan *s* tana yi wa mai karatu aiki, domin tana nuna inda babban liƙin yake. Ba doka ce marar togiya ba: *fotballkamp* ba ta da ita, kuma kalmar da ta ƙare da *e* marar ƙarfi ba kasafai take ɗauka ba, shi ya sa *barnehagelærer*.

*E* kuwa ta fi bin kalmomi masu gaɓa ɗaya, musamman na mutane da dabbobi da abinci: *barnehage*, *gutteklær*, *hundehus*, *sauekjøtt*, *fiskesuppe*, *ostekake*, *juletre*. Kada a ruɗa ta da *e* ta asali: a *skolebok* da *jentenavn*, kalmomin *skole* da *jente* dama da *e* suka ƙare. Sauran mahaɗan ba su da yawa, kamar *er* a *blomsterpotte*.

Idan ban san mahaɗin ba fa?

Nemi wasu kalmomin da suka fara da guntun nan, ka bi mafi rinjaye. Idan ka san *arbeidsdag* da *arbeidsplass*, ka san *arbeidstillatelse*. Ƙamusoshin *Bokmålsordboka* da *Nynorskordboka*, waɗanda Jami'ar Bergen da hukumar harshe ta Språkrådet ke kula da su, kyauta ne a intanet, kuma rubuta farkon kalma ya isa ya jero maka danginta. Guntun farko ake dubawa. Neman amsa a guntun ƙarshe ɓata lokaci ne, ba ruwansa da mahaɗi.

Wace gaɓa ake dannawa?

Babban ƙarfi yana kan guntun farko, guntun ƙarshe kuma yana riƙe da ƙaramin ƙarfi: BRANN-bil, SY-ke-hus, BAR-ne-ha-ge. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a ɗauka "guntun farko" yana nufin "gaɓar farko". A'a. Ƙarfin yana sauka ne a gaɓar da guntun yake dannawa idan yana tsaye shi kaɗai. Kalmomin asali galibi a gaba suke dannawa, amma na aro daga Faransanci da Latin sukan danna a baya. *Banan* ba-NAN ce, don haka ba-NAN-skall, ɓawon ayaba. Haka sta-SJONS-sjef, da u-ni-ver-si-TETS-bi-bli-o-tek, inda sai ka wuce gaɓoɓi huɗu kafin ka isa wajen dannawa. A wasu kare-karen harshe na gabashi da na yankin Trøndelag a tsakiyar ƙasar za ka ji an dawo da ƙarfin gaba, BAN-nan, POT-tet. Wannan karin harshe ne, ba kuskure ba.

Ƙarfin furucin shi ne ke raba harɗaɗɗiyar kalma da kalmomi biyu a kunne. *En stor by*, da dannawa biyu, kowane gari ne mai girma. *En storby*, da dannawa ɗaya, birni ne irin Oslo. *Brun ost* kowane cuku ne mai launin ƙasa-ƙasa, *brunost* kuwa cukun nan ne mai zaƙi da suke yankawa siriri a kan burodi.

Masu saɓa wa ƙa'idar kaɗan ne: sko-MA-ker, baduku mai takalma, lang-FRE-dag da skjær-TORS-dag na makon Ista, da wasu sunayen wurare irin su Kristian-SAND.

An ce harshen yana da karin sauti. Irin na Hausa ne?

Kunnen Bahaushe yana da riba a nan, domin wanda ke bambanta "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala ba tare da wata alama a rubuce ba, ya riga ya saba da sauraron hawa da saukar murya. Amma tsarin daban ne. A Hausa kowace gaɓa tana da karinta. A harshen Norway kari biyu ne kawai, suna ce musu *tonelag*, kuma suna rataye ne a gaɓar da ke da babban ƙarfi. A Oslo, kari na 1 yana farawa ƙasa ya hau. Kari na 2 yana farawa sama, ya faɗo, sannan ya hau. *Bønder*, manoma, na 1 ne; *bønner*, wake ko addu'o'i, na 2, kuma ban da karin furucinsu ɗaya ne, tunda ba a furta *d* ɗin.

A harɗaɗɗiyar kalma guntun farko ne ke ba da kari, na ƙarshe ya rasa nasa. Idan guntun farko yana da gaɓa biyu ko fiye, yana shigowa da karinsa: *skole* na 2 ne, *skolebok* na 2, *nummer* na 1 ne, *nummerskilt* na 1. Na aro masu dannawa a gaɓar ƙarshe, irin *banan* da *stasjon*, na 1 suke bayarwa.

Rikicin yana wajen guntu mai gaɓa ɗaya. Idan ba mahaɗi, galibi na 2 ne: *dagbok*, *landmann*, *solskinn*. Idan da *e*, na 2 ne: *barnehage*. Idan da *s*, na 1 ne: *dagslys*, *landsmann*. Sai kuma wasu kalmomi da ke jawo na 1 ba tare da mahaɗi ba, kamar *brann*, *post*, *by* da *ski*: *brannbil*, *postkasse*, *bytur*, *skitur*. Har akwai tagwaye: *ball* ta ƙwallo tana ba da na 2 a *ballspill*, *ball* ta rawa tana ba da na 1 a *ballsal*. Ƙamus ɗin NAOB (*Det Norske Akademis ordbok*) na intanet yana nuna karin kowace kalma a wajen furuci.

Shawararmu ita ce kada mai koyo ya kashe ƙarfinsa a nan da wuri. Kuskuren kari ba kasafai yake hana a gane ka ba. Akwai ma 'yan ƙasa a kewayen Bergen da sassan Finnmark a can arewa da ba sa bambanta biyun sam. Dannawa a gaɓar da ba ita ba ce ke sa a ce maka "*hæ?*", wato "me ka ce?"

Tsawon wasali yana canzawa idan an haɗa kalmomi?

Yawanci a'a. Gaɓa mai ƙarfi ko dai dogon wasali ne da gajeren baƙi, ko gajeren wasali da baƙi mai shadda: *tak*, rufin ɗaki, da *takk*, godiya. Kowane guntu yana riƙe tsawonsa. A *matpakke*, ƙunshin abincin rana, *a* ta farko doguwa ce, ta biyu gajera. A *brannbil*, *i* tana nan da tsawonta duk da ba ita ke da babban ƙarfi ba, kuma wanda ya gajarta ta ya ɓata kalmar. Wannan ma wani dalili ne na gano liƙi: baƙaƙe biyu a jere sukan nuna gajeren wasali, amma *tp* na *matpakke* ba na kalma ɗaya ba ne.

*Fuge-s* ce ke kawo canji. Takan gajarta wasalin guntu mai gaɓa ɗaya, ta kuma busar da baƙin da ke gabanta. *Dag* tana da doguwar *a*, amma *dagslys* kamar "daks-" take fita. *Liv* tana da doguwar *i*, *livsfare* kuma "lifs-".

Me ke faruwa da sautukan da suka haɗu a wajen liƙi?

Abu biyu, masu saɓa wa juna. Na farko, haruffan da suke ba da sauti ɗaya a cikin kalma ba sa narkewa idan liƙi ya raba su. *Sj* sautin "sh" ne, amma *prisjustering*, gyaran farashi, *pris* ne da *justering*, don haka *s* daban, *j* daban. *Ng* sauti ɗaya ne a *sang*, amma *vinglass* vin-glass ne. Ido yana iya yaudararka: *bildeling* bil-deling ne, yin tarayya a mota, alhali *bilderamme* bilde-ramme ne, firam ɗin hoto. *Kursted* da *s* ɗaya wurin jinya da hutawa ne, *kurssted* da biyu wurin kwas.

Na biyu, *r* ba ta damu da liƙi ba. A gabas da tsakiya da arewacin ƙasar, idan *r* ta haɗu da *t, d, n, l* ko *s*, sai su narke su zama sauti ɗaya na naɗe-harshe, ko da a tsakanin guntaye biyu ne. *Fornavn* ba a jin *r* da *n* daban. *Vintersko* tana fita da "sh" a tsakiya. A Bergen da Stavanger da Kristiansand, inda ake furta *r* a maƙogwaro, wannan narkewar ba ta faruwa.

Yaya zan yi da tarin baƙaƙe irin na *kunststykke*?

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa harshe ke son cusa wasali, yadda aka samu "burodi" da "firamare". A nan cusawar tana da illa ta musamman, domin wasalin yana iya kama da *fuge-e* ko ya sa kalma ɗaya ta zama kamar biyu. Hanyar ita ce ka raba a wajen liƙi, *kunst* da *stykke*, ka furta kowanne shi kaɗai har ya zauna, sannan ka riƙa rage tazarar ba tare da buɗe baki a tsakani ba. Su kansu masu harshen suna sauƙaƙawa: ba a furta *d* a *landsby*, haka *t* ta ƙarshen *sykehuset*.

Ina ake yanke kalma idan layi ya ƙare?

A wajen liƙi, idan da hali: *brann-bil*, *syke-hus*. Mahaɗi yana zama tare da guntun farko: *arbeids-dag*, *lands-by*, *barne-hage*. Rubuta *arbeid-sdag* kuskure ne, kuma irinsa manhajar kwamfuta ke yi idan ba a saita ta a harshen ba. Idan guntaye uku ne, babban liƙi ya fi: *barnehage-lærer* ta fi *barne-hagelærer* sauƙin karantawa.

Idan dole sai an yanke a cikin guntu, hanya biyu aka yarda da su: ko a raba saiwa da ɗafi, *hus-et*, ko a tura baƙi ɗaya zuwa sabon layi, *hu-set*. Ba a raba tagwan wasali, *ei, øy, au*. Ba a raba *kj, gj, sj, skj*, ko *sk* mai sautin "sh", don haka *ma-skin*. Kowane ɓangare kuma dole ya kasance da wasali.

Idan baƙi iri ɗaya ya zo sau uku fa?

Ana jefar da ɗaya. *Buss* da *sjåfør* sun zama *bussjåfør*, *natt* da *tog* *nattog*, *trafikk* da *kork* *trafikkork*. Idan aka yanke a ƙarshen layi, na ukun yana dawowa: *natt-tog*. An kuma yarda a sa karan ɗori a tsakiyar layi don sauƙin karatu, *buss-sjåfør*. Wanda ya san Jamusanci ya kiyaye, can ana rubuta ukun duka.

Laifi ne babba idan na rubuta su a rabe?

Kuskure ne da ake cirewa maki a kansa, kuma 'yan ƙasar ma suna yinsa, musamman a allunan shaguna; ana ɗora laifin a kan tasirin Ingilishi da manhajojin gyaran rubutu. Sunansa *særskriving*. Matsalar ita ce guntun farko yakan koma aikatau ko sifa idan an sake shi. *Røykfritt* na nufin ba a shan taba a nan, *røyk fritt* kuwa sha tabarka yadda ka so. *Lammelår* cinyar ɗan rago ce, *lamme lår* shanyayyun cinyoyi. *Tunfiskbiter* yankakken kifin gwangwani ne, *tunfisk biter* kifin yana cizo. Har ƙungiya gare su mai tattara irin waɗannan, *Astronomer mot orddeling*. Gwajin mai sauƙi ne: furta abin da ƙarfi, idan dannawa ɗaya ka ji, haɗe shi.

To yaushe ake sa karan ɗori?

Idan guntu ɗaya taƙaitaccen suna ne, ko harafi, ko lamba: *EU-land*, *e-post*, *T-bane*, *50-årsdag*, *1800-tallet*. Idan guntun farko kalmomi ne fiye da ɗaya, karan yana zuwa kafin guntun ƙarshe kawai: *17. mai-tog*, jerin gwanon ranar tsarin mulkin 1814. A sunayen yankuna: *Nord-Norge*, *Vest-Afrika*. Sai inda kalmomi biyu suka yi tarayya a wutsiya ɗaya aka ƙi maimaita ta: *barne- og ungdomsskole*, *inn- og utgang*. Lura cewa mahaɗin *e* bai faɗi ba a *barne-*.

Duk wannan ya shafi *nynorsk*?

Tsarin ɗaya ne, kalmomi ne ke ɗan bambanta: *sjukehus* maimakon *sykehus*. Furuci kuwa ba shi da daidaitacciyar ƙa'ida ta hukuma a Norway. A yamma da arewa kari na 1 yana farawa ne sama ya sauko, akasin Oslo, kuma rabon kari a harɗaɗɗun kalmomi yana bambanta daga yanki zuwa yanki. Bi na garin da kake zaune.

Zan iya ƙirƙirar tawa kalmar?

Ƙwarai, kowa yana yi kullum, kuma mafi yawan harɗaɗɗun kalmomin da ke jarida ba sa cikin ƙamus. Sa jigon a ƙarshe, bar guntun farko ba ɗafi, duba mahaɗinsa a danginsa, ka haɗe. Idan guntun farko aikatau ne, yakan shigo da *e* ɗinsa, *vaskemaskin*, *kjøleskap*, *lesebriller*. Amma dogayen aikatau masu ƙarewa da *-ere* sukan koma suna tukuna, shi ya sa *parkeringsplass*, ba *parkereplass* ba. Miyar gyaɗa, alal misali, *peanøtt* ce da *suppe*: *peanøttsuppe*, jinsinta na *suppe*, dannawa a gaɓar farko, yankewa tsakanin *tt* da *s*.